Tsakanin katafila da kufai

Har Allah ya yi wa mahaifiyata rasuwa ba ta samu sunan da za ta kira sana'ata da shi ba. In ƙawayenta suka tambaye ta a gidan biki sai ta ce, "Boko dai ya yi shi har ya ƙure, amma rami yake haƙawa." Ni ma ban fi ta sani ba sosai. A takarda akiyoloji na karanta a Zariya. A rediyo kan kira mu masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa, sunan da kafin ka gama faɗarsa mai tambaya ya hau babur ɗinsa ya tafi. Mutanen ƙauyukan da nake aiki kuwa sun hutar da kowa, Malam Mai Tsingaro suke ce mini. Na karɓi sunan hannu bibbiyu, don kusan duk abin da na taɓa tonowa a rayuwata fasasshiyar tukunya ce.

Abin da ba a zaunar da mu an gaya mana a aji ba shi ne wa zai biya kuɗin ramin. Muna ɗalibai mun ɗauka mutum kan zauna ne ya yi tunanin tambaya, misali yaushe aka fara narka tama a gindin Dala, sai ya ɗauki kayansa ya je ya tona. Akwai masu wannan gatan, amma ba su da yawa. Ni yawancin tuwona daga 'yan kwangila yake fitowa: kamfanin da zai shimfiɗa titi, ko ya yi madatsar ruwa, ko ya ja layin wuta. Tun 1992 Najeriya ke da dokar da ta ce a tantance illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, kuma masu ba da rance irin su Bankin Duniya suna da nasu sharaɗin a kan kayan gado: sai wani ya taka filin da ƙafa ya duba, sai kuma an rubuta abin da za a yi in an ci karo da wani abu ana cikin aiki. Wannan wanin shi ne ni. Irin aikin nan ma ba yau aka fara shi ba. Kafin a kammala madatsar Kainji a 1968 masana sun yi ta tsere da ruwa, suna auna kufai suna tonawa a yankin da tafkin zai cinye, har da wajajen tsohon garin Bussa.

Wani aiki da na yi shekarun baya shi ya fi tsaya mini a rai. Titi ne na karkara, kilomita talatin da 'yan kai, kuma an kira ni ne bayan katafila ta riga ta iso sansani. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu kullum ranar tafiyar ake tunawa da mu. Injiniyan ya tarbe ni da fara'a, ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi, ya ce, "Dakta, ba wani abu ba ne, sa hannu ne kawai. Daji ne da gonaki. Alhamis nake son rahoton." Ranar Litinin ce.

Muka shiga da ɗalibai biyu, muna tafe a jere, tazarar 'yan taku tsakaninmu, ido a ƙasa. Kwana biyu ba mu ga abin kirki ba, sai a inda aka kafa turaku masu jan fenti, wurin da za a haƙi burjin cikon titin. Tun daga nesa gabana ya faɗi. Kukoki ne guda bakwai a tsaye wuri ɗaya, ba gida ko ɗaya kusa da su. A ƙasar Hausa in ka ga kukoki sun taru haka a tsakiyar gona, to ka tambaya, da wuya a ce ba mutane suka taɓa zama ba. Ƙasar wurin ta ɗan taso, kalarta ta yi toka-toka, dawar da ke kai ta fi ta maƙwabta tsawo don tana cin tsohon juji. An yi ruwa daren jiya, ya wanke saman kunyoyi, ga tsingaro nan birjik kamar an watsa da gangan. A gefen gabas akwai wani dogon tudu da ya lanƙwasa, manoma na ce masa tudu kawai. Ganuwa ce ta kwanta.

Nan na tafka kuskuren da har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Saboda Alhamis na bina, sai na zaro tef da igiya muka hau awo, ban je na gai da kowa ba. Kafin azahar samari kusan ashirin sun zagaye mu, wasu da sanduna. Ba su taɓa kowa ba, amma an tasa mu gaba har ƙofar gidan dagaci.

Na cire takalmi, na durƙusa, na ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne. Na shiga gona ban yi sallama ba."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Malam, abu uku nake so ka gaya mini. Zinare kuke nema? Kaburburan kakanninmu za ku tone? Ko filin ne gwamnati za ta karɓe?"

Duk wanda ya yi aikin nan ya san tambayoyin nan uku, kuma ba na ganin laifin mai yin su. Mutanen da suka ji labarin abin da haƙar zinare ta jawo a Zamfara, in suka ga baƙo da na'ura yana auna gonarsu, me kake so su zata? Na juye jakata a gabansa a kan tabarma. Tsingaro, guntun dutsen niƙa, wani dunƙulen baƙin abu mai nauyi. Wani tsoho a gefe ya ɗauki dunƙulen ya jujjuya, ya ce, "Kashin maƙera ne wannan." Daga nan hira ta sauya. Ashe suna da labarin wurin: nan ne tsohon garin, yaƙi ne ya tashe su, wasu suka ce annoba, aka yi ta musu a kai har la'asar. Ni dai ina ta rubutu. Da ɗan gari akan ci gari, kuma rabin abin da ya shiga rahotona a wannan zauren na same shi.

Sai da na koma na roƙi Injiniya ya ba ni mako biyu, na kuma nemo izini, don dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana kowa tona irin wannan wuri ba da takardarta ba, ko da kuwa a gonarsa ne. Muka ɗauki samari shida daga cikin waɗanda suka tasa mu gaba, kuɗin yini, muka yanka rami mita biyu tsawo mita biyu faɗi.

Wanda bai taɓa gani ba yakan zaci diga da cebur ne aikin. Diga na da ranarta, amma yawanci cokalin magina ne da buroshi da kwanon sarki. Ana kankare ƙasa santimita goma-goma, kowane kwano a zuba a rariya a tankaɗe, abin da ya rage a tsince, a sa a leda, a rubuta daga wane zurfi ya fito. In ƙasa ta canja kala a tsaya, a zana, a ɗauki hoto. Samarin sun yi ta dariya ranar farko, wai manya da gemu suna tankaɗen ƙasa kamar masu shirin tuwo. Na ce musu su tuna jujin bayan gidansu: abin da aka zubar bara yana ƙarƙashin na bana, na zamanin kakansu yana can ƙasa. Aikinmu karanta juji ne daga sama zuwa ƙasa ba tare da an hautsina shi ba. A rana ta uku ɗayansu ya tsinci guntun lofe na yumɓu, ya zo da gudu. Lofe abokin aikinmu ne, don taba daga nahiyar Amurka ta zo, ba ta bazu a wannan yanki ba sai wajen shekarar 1600. Duk inda lofe ya fito, ƙasar ba ta wuce shekara ɗari huɗu da 'yan kai ba. Da muka zarce mita ɗaya sai lofe ya ɗauke ɗif, amma tsingaro bai ɗauke ba, zanensa ne ya canja, daga na tsinke zuwa na igiya da ake murzawa a jikin ɗanyen yumɓu. A can ƙasa muka samu toka da gawayi da fasassun bututun yumɓu da ake sa bakin zugazugi a ciki. Na tattara gawayin da cokali, ban taɓa shi da hannu ba, na naɗe a takardar alminiyam.

Akwai wasu tsingaro masu huda-huda da suka yi ta fitowa. Na ware su a leda guda, na ba su wani dogon suna na Turanci irin na littafi. Wata tsohuwa mai ginin tukwane, wadda kullum takan zo ta zauna a inuwar kuka tana kallonmu, ta miƙo hannu ta ce, "Ɗan nan, mu gani." Ta shafa da babban yatsa, ta ce, "Gindin madambaci ne. Amma wannan mai manyan hudar ba na dambu ba ne, garin zai zube. Wannan sai dai turara wani abin." Ta ɗauki wani guntun baki ta ce na tulu ne, kuma wadda ta gina shi bahaguwa ce, ta nuna mini inda yatsa ya bi. Ban iya tabbatar da zancen bahaguwar ba, amma na goge dogon sunana na rubuta abin da Iya ta ce.

A rami na biyu ne, kusa da ganuwa, cokalin ɗalibata ya taɓa wasu manyan fasassun tukwane a jere, a kife. Na gane tun kafin ta ɗago kai. Haka ake rufe 'yar kabari a wurare da yawa har gobe. Muka ɗan buɗe gefe ɗaya kawai: mutum ne kwance a kan damansa, fuska na duban alƙibla. Na ce kowa ya ajiye kayan aiki. Aka kira liman da dagaci. Akwai abokan sana'ata da za su ce na yi asarar ilimi, da an ɗauki ƙashi ɗaya an gwada da an san abubuwa da yawa. Gaskiyarsu. Amma na yi alkawari a zaure, kuma mutumin nan yana da jikoki a tsaye a bakin ramin, ko da ba su san sunansa ba. Muka auna, muka zana, liman ya yi addu'a, aka mayar da ƙasa.

Saura Injiniya. Ya karanta daftarin a tsaye, ya ce, "Dakta, ba za ka iya rubuta cewa ba wani abu mai muhimmanci ba? Tukwane ne fa fasassu." Ba mugun mutum ba ne. Hayar injinansa kullum tana tafiya ko sun yi aiki ko ba su yi ba, kuma shi ma akwai na sama da shi da ke kiran waya. A nan sana'ar take da wuya, don wanda ke biyanka shi ne wanda ya fi son ka ce ba ka ga komai ba. Da ina sabon shiga da na yi masa lacca a kan gadon al'umma, shi kuma ya nemi wani ya sa masa hannu, don masu sa hannu daga ɗakin otal ba su ƙare ba. Sai na yi masa lissafi. Na ce, "Yallaɓai, in katafilarka ta watsa ƙasusuwa a gaban mutanen garin nan, wata nawa kake ganin aikin zai tsaya? In hoton ya kai ga masu ba da rancen fa?" Sannan na kai shi wani fako da tsofaffin garin suka nuna mini, ƙasa da kilomita ɗaya, inda tun da can suke ɗiban burjin daɓe. Aka gwada ƙasar ta yi. Aka tsige turaku masu jan fenti aka mayar can.

Kada a ɗauka na ci riba duka. Kuɗin gwajin gawayin, wanda sai an aika ƙasar waje a auna sinadarin kabon da ya rage a cikinsa kafin a san shekarunsa, shi aka fara sokewa daga kasafin. Har yanzu ƙullin yana cikin kabad ɗina, tare da wasu irinsa daga wurare huɗu.

Akwai wani nau'in masu nemana kuma, waɗanda ba su da kamfani. Wata rana wani mutum ya same ni a gida da buhun taki, ya kwance, sai ga kan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu, da idanun nan masu kusurwa uku da hudar tsakiya da aka san na tsohuwar al'ummar Nok da su. Ya ce, "Malam, so nake ka gaya mini nawa zai yi." Na ce ba na yi wa kayan tarihi kuɗi, dokar ƙasa ta hana cinikinsu da fitar da su ba izini, kuma tun shekarar 2000 suna cikin jerin da ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta fitar na kayan da ake gargaɗin kada a saya, tare da irin na Sakkwato da Katsina da na Bura a Nijar. Na tambaye shi a ina aka tono, me ke kusa da shi, a kife yake ko a tsaye. Bai sani ba, hannu na huɗu ne shi. Ya ɗaure buhunsa ya tafi, na san kuma bai rasa mai saye ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne abin da aka zubar a bakin ramin da aka ciro kan nan. Masu haƙa don sayarwa kai suke nema, sauran duk shara ce a wurinsu. Alhali masu binciken jami'ar Frankfurt ta Jamus, da suka fara aiki a yankin Nok a 2005 tare da abokan aikinsu 'yan Najeriya, daga wannan sharar suka gano cewa mutanen Nok gero suke nomawa, kuma tarihinsu ya faro tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa. A jikin tsingaron tukwanensu aka samu ragowar kakin zuma, shaidar cewa shekara kusan 3,500 da suka wuce ana ɗiban zuma a tsakiyar Najeriya. Kan da ke cikin buhun taki ba zai taɓa gaya wa kowa wannan ba. Aikin nasu ma ya gamu da irin abin da ya hana mu shiga dazuzzuka da yawa yanzu: a watan Fabrairun 2017 aka sace biyu daga cikinsu a Janjala, ƙaramar hukumar Kagarko, aka kashe mutanen yankin biyu da suka bi sawu, kafin a sako su bayan 'yan kwanaki.

In ka bi tarihin manyan abubuwan da aka gano a ƙasar nan, za ka ga ba mu muka fara ganinsu ba. Kan mutum-mutumin Jema'a, wanda ya sa Bature masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya gane akwai wata tsohuwar al'umma da ya raɗa wa suna Nok, a wurin haƙar kuza aka tsince shi a 1943, kuma sai da ya yi zaman mutum-mutumin tsoratarwa a gonar doya kafin ya kai hannunsa. Kwalekwalen Dufuna a jihar Yobe, mai tsawon mita takwas da ɗoriya, wanda ya haura shekara 8,000 kuma babu wanda ya girme shi a duk Afirka cikin waɗanda aka gano, wani Bafulatani makiyayi ne ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya. Da ya ga itace ne kawai ya sa gatari, da shi ke nan. Ya kai magana gaba, har masana daga Jami'ar Maiduguri da Frankfurt suka tone shi a 1994. Mu nawa ne masu wannan sana'a a duk Arewa? Masu haƙa rijiya da masai da tushen gini kuwa kullum suna cikin ƙasa.

Shi ya sa na sauya yadda nake rufe aiki. Rahoton Turanci mai shafi tamanin na kamfani ne da hukuma, na san inda yake ƙarewa. Yanzu nakan ƙara shafi biyu da Hausa, ba wanda ke biyana kuɗinsu. A garin kukokin nan ranar Juma'a bayan an sauko na karanta su a ƙofar dagaci, na shimfiɗa kayan a kan tabarma kafin a kai su gidan tarihi, 'yan firamare suka yi layi suna taɓawa. Wani yaro ya tambaye ni ko mutanen da Hausa suke ji. Na ce tukunya ba ta magana, amma madambacinsu irin na gidanku ne. Iya mai tukwane ta gyara mini magana sau biyu a gaban jama'a. Direbobin kamfanin ma na zauna da su rabin awa a gindin tifa, na nuna musu yadda toka da tsingaro suke a jikin yankakkiyar ƙasa, na ba su lambata.

Bayan kamar wata biyar, ina cin abincin dare, waya ta yi ƙara. Direban katafila ne, daga wani aikin daban, wata jihar ma.

"Malam Mai Tsingaro? Kai ne ka ce in mun ga tukunya mu tsaya?"

"Ni ne. Ka cire ta?"

"Ban taɓa ba. Bakinta kawai ya fito, da wata a kife a kanta. Na ce wa oga mai ne ya ƙare mini. Amma gobe da ƙarfe bakwai za a kawo man."

Na duba agogo, tara saura. Na ture kwanon tuwo, na shiga neman wanda zai ara mini mota.